Zuciyar Denise a ƙirjin Washkansky: nazarin dashen zuciya na farko a duniya

Da yammacin Asabar, 2 ga Disamba 1967, wasu iyali a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu suka fita ziyarar abokan arziki. A hanya suka tsaya, uwa da 'yarta suka tsallaka titi zuwa wani gidan burodi don su sayo kek, kada a shiga gidan mutane hannu rabbana. Suna kan dawowa wata mota ta kwashe su. Uwar, Myrtle Darvall, nan take rai ya yi halinsa. 'Yar, Denise, ma'aikaciyar banki mai shekara 25, ta samu mummunan rauni a ka, ƙoƙon kanta ya fashe. Asibitin Groote Schuur na nan kusa, can aka garzaya da ita.

Cikin motocin da suka wuce ta wurin haɗarin har da ta wata mata mai suna Ann Washkansky, wadda ta fito daga duba mijinta a wannan asibitin. Ta ga cincirindon jama'a, ta wuce abinta. Kafin hantsin washegari, zuciyar yarinyar da ta gani an kewaye a bakin titi tana bugawa a ƙirjin mijin nata.

Yawanci idan ana ba da wannan labari, gwanintar hannun likita ake kambamawa. Ni kuwa duk lokacin da na sake bin sawun abin da ya faru a daren, sai in ga ɗinkin ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Likitoci aƙalla uku a Amurka sun fi Christiaan Barnard, likitan tiyatar da ya yi wannan dashe, sanin yadda ake ɗinka zuciya, sun kuma riga shi shiri da shekaru. Abin da ya riƙe su tambaya ce guda wadda wuƙar tiyata ba ta iya amsawa: yaushe ne mutum ya mutu, har ya halatta a buɗe ƙirjinsa a ɗauki abin da ke ciki? Barnard ya tsinci kansa a ƙasar da doka ta bar wa likitoci amsar, shi kuma ba mutum ba ne mai jiran a ce masa bisimilla.

Majinyacin

Louis Washkansky Bayahude ne, haifaffen Lituweniya, an kawo shi Afirka ta Kudu yana yaro. Ya yi soja a yaƙin duniya na biyu, ya dawo ya kama sana'ar kayan masarufi. A da ƙaƙƙarfa ne, mai son wasannin ƙarfi, ga barkwanci. Amma zuwa 1967, yana da shekara hamsin da 'yan kai, ciwon sukari da bugun zuciya har sau 3 sun riga sun kwantar da shi. Mafi yawan tsokar da ke tura jini ta mutu, zuciyar ta kumbura ta cika ƙirji, ruwa ya taru masa a ƙafafu har sai an tsiyaye da allura, hanta da ƙoda sun fara ja da baya. Duk wanda ya duba shi ya san makonni ake ƙirgawa.

Shugaban sashen likitocin zuciya na asibitin, Farfesa Velva Schrire, shi ne ya yarda a miƙa wa Barnard wannan mutum. Ya kuma kafa sharaɗi: a karon farko, mai bayarwa da mai karɓa duk su kasance farar fata. Ƙasar tana tsakiyar mulkin wariyar launin fata, Schrire kuma ya san idan aka fara da zuciyar baƙar fata duniya za ta ce Turawa sun mai da baƙaƙe zakarun gwajin dafi, a ma'anar karin maganar ta asali.

Da aka yi wa Washkansky tayin, bai tsaya dogon tunani ba. Daga baya Barnard ya kwatanta halin irin wannan majinyaci da mutumin da zaki ya koro har bakin kogi mai cike da kadoji: zai faɗa ruwan ne, yana sa ran ya kai wancan ƙetare. Mu a nan cewa muke, wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Maganar gaskiya ce, amma ita ce kuma ta sa nauyin da ke kan mai miƙa takobin ya ƙaru. Barnard ya shaida wa ma'auratan cewa damar nasara ta kai kashi 80 cikin 100. Ina ya samo wannan lissafi? Ba a taɓa dasa wa mutum zuciyar mutum ba. Shi kansa karnuka 48 ya yi wa dashen a ɗakin gwaji, babu wanda ya haura kwana 10. Masana ɗa'ar aikin likita sun daɗe suna riƙe da wannan a kansa, ban kuma ga laifinsu ba.

Likitan

An haifi Christiaan Neethling Barnard ranar 8 ga Nuwamba 1922 a Beaufort West, wani gari a busasshen yankin Karoo. Mahaifinsa Adam fasto ne na mishan, mai wa'azi ga al'ummar da dokar ƙasar ke kira masu ruwa biyu. Albashinsa bai kai na faston cocin Turawa ba, Turawan garin ma kallon raini suke yi wa gidan. Mahaifiyarsa Maria ce ke kaɗa molon coci, mace mai tsanani da ba ta yarda ɗanta ya zo na biyu a aji. Wani ɗan'uwansa, Abraham, ya rasu yana ƙarami da ciwon zuciya irin wanda ake haihuwar yaro da shi.

Ya karanta likitanci a Jami'ar Cape Town, ya yi aikin likitan gari a Ceres har 1951, sannan ya koma birni. Akwai wani bincike da ya yi a wannan tsakanin wanda ya fi komai nuna halinsa. Ana haihuwar wasu jarirai da toshewar hanji, ba a san dalili ba. Barnard ya yi zargin yankewar jini ce ga wani sashe na hanjin tun a ciki. Don ya tabbatar, sai ya riƙa buɗe cikin karya mai juna biyu, ya fito da ɗan kwikwiyon da ke mahaifa, ya ɗaure jijiyar da ke kai jini ga hanjinsa, ya mayar ya ɗinke, ya jira haihuwa. Sai da ya gwada sama da sau 40 kafin a haifi kwikwiyo mai irin wannan toshewa. Sakamakon ya canza yadda ake yi wa jarirai wannan tiyata: a yanke duk ɓangaren da jini bai wadace shi ba kafin a haɗa hanjin.

A 1956 ya tafi Jami'ar Minnesota a Amurka, ƙarƙashin Owen Wangensteen. Can ne Walton Lillehei ke buɗe zukatan yara yana gyarawa, abin da shekaru kaɗan kafin nan ake ganin hauka ne. Barnard ya leƙa, ya kasa fita. Cikin shekara biyu da 'yan watanni ya kammala digirorin da ake ɗaukar shekaru da yawa ana yi, yana haɗawa da wankin mota da sharar ƙanƙara don abin kashewa. A 1958 ya koma gida da injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu yayin tiyata, wanda aka saya masa da tallafin Amurka. Ya kuma koma da wani abu da bai so ba: a Minnesota aka gano yana da amosanin gaɓɓai, ciwon da ke cin yatsu. Likitan tiyata da ya san hannunsa na da wa'adi, dole ya zama mai gaggawa.

Waɗanda suka yi aiki da shi sun shaide shi da faɗa a ɗakin tiyata, sun kuma shaide shi da cewa ba ya barin gadon majinyaci bayan aiki. Yakan kwana a kan yaro guda.

Dabarar ta wasu ce

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi. Manyan jijiyoyi 6 ke shiga ɗakunan sama, 2 daga jiki, 4 daga huhu, sannan 2 ke fita daga na ƙasa. Ɗinka waɗannan ɗaya bayan ɗaya na cin lokacin da zuciyar da aka cire ba ta da shi. Norman Shumway da Richard Lower na Jami'ar Stanford ne suka warware matsalar, suka bayyana ta a 1960. Kamar maginin da zai rushe ɗaki ya bar bangon baya mai ɗauke da bututun ruwa, haka suka ce a bar bayan ɗakunan sama na majinyaci a inda yake, da jijiyoyinsa 6 a manne, a ɗinka sabuwar zuciya a kansa. Ɗinki ya koma wuri 4 kacal. Suka kuma nuna cewa idan aka tsoma zuciyar a ruwan gishiri mai sanyi, takan jure rashin jini na tsawon lokacin da ake buƙata. Shumway ya yi wa karnuka ɗaruruwa wannan aiki, wasunsu suka haura shekara. Haka ma Adrian Kantrowitz a New York.

A 1966 Barnard ya yi 'yan watanni a Richmond ta jihar Virginia yana koyon yadda ake danne garkuwar jiki bayan dashen ƙoda. Lower ya riga ya koma can da aiki. Barnard ya tsaya ya kalle shi yana dasa wa kare zuciya, ya ga abin ba shi da wuyar da ake zato. Da ya koma gida, a Oktoban 1967 ya yi dashen ƙoda guda don ya horar da tawagarsa kan magunguna, matar kuma ta rayu shekaru masu yawa. Daga nan ya ce ya shirya.

To me ya hana Amurkawan? A wancan lokaci, mutuwa a idon doka ita ce tsayawar zuciya da numfashi. Sai ga injin numfashi ya haifar da wani sabon irin majinyaci: ƙwaƙwalwa ta mutu ɗungurungum, amma inji na hura huhu, zuciya na ta bugawa. Wannan zuciyar ita ce mai kyau don dashe. Idan aka jira ta tsaya da kanta, rashin iska ya riga ya lalata ta. Idan aka cire ta tana bugawa, mai gabatar da ƙara na iya cewa kisan kai ne. A Janairun 1964 James Hardy na Mississippi ya rasa zuciyar mutum ya dasa wa majinyacinsa ta birin cimfanzi, ba ta kai sa'a biyu ba. A 1966 Kantrowitz ya shirya tsaf zai dasa wa wani jariri zuciyar wani da aka haifa ba ƙwaƙwalwa, abokan aikinsa suka ce sai ta tsaya tukuna. Da ta tsaya, ba ta ƙara tashi ba. A Nuwamban 1967 Shumway ya sanar cewa ya shirya, mai bayarwa kawai yake jira. Afirka ta Kudu kuwa dokarta ba ta fayyace mece ce mutuwa ba, ta bar wa likitoci su tabbatar.

Daren

Likitan ƙwaƙwalwa ya duba Denise ya ce babu abin da za a iya yi mata. Likitoci biyu suka je wurin mahaifinta, Edward Darvall, mutumin da ya rasa matarsa sa'o'i kaɗan da suka wuce, suka faɗa masa gaskiyar halin da 'yarsa ke ciki, suka kuma ce akwai wani mutum a asibitin da zuciyarta za ta iya ceta. Minti 4 ya ɗauka. Ya ce in ba za su iya ceton 'yarsa ba, to su yi ƙoƙari su ceci wannan mutumin. A duk mutanen da ke cikin wannan labari, shi ne wanda aka fi mantawa da shi, alhali shi ya ba da abin da ya fi tsada.

Aka tara tawaga ta kusan mutum 30, wasu daga gidajen biki aka kirawo su, daren Asabar ne. Aka buɗe ɗakunan tiyata biyu maƙwabtan juna. A ɗaya, Rodney Hewitson ya buɗe ƙirjin Washkansky ya haɗa shi da inji. A ɗayan, ƙanen Barnard, Marius, wanda shi ma likitan tiyata ne, yana kan Denise tare da wani abokin aiki. Bayan ƙarfe 2 na dare aka kashe injin numfashinta.

A nan ne labarin ya rabu biyu. Rahoton da Barnard ya buga a mujallar likitocin ƙasar ya ce sun jira har na'urar auna bugun zuciya ta yi minti 5 ba ta nuna motsi ba, sannan suka sa wuƙa. Wato ko a ƙasar da doka ta sakar masa mara, bai yarda a ce ya cire zuciya tana bugawa ba. Bayan kusan shekara 40, Marius ya ce ba haka kawai aka yi ba: an yi wa zuciyar allurar sinadarin fotasiyam don ta tsaya nan take, kada ta galabaita. A yau tsayar da zuciyar mai bayarwa da irin wannan sinadari shi ne aikin yau da kullum a kowane ɗakin dashe. A 1967 kuwa magana ce da ba a iya faɗa a fili.

Barnard da kansa ya yanko zuciyar, ya sa a kwanon ƙarfe mai ruwan sanyi, ya ɗauka zuwa ɗaya ɗakin. Ya yanke ta Washkansky bisa tsarin Shumway da Lower. Ya sha ba da labarin abin da ya ji a wannan lokaci, da ya leƙa ya ga ƙirjin mutum mai rai wayam, ba zuciya a ciki, inji kawai ke riƙe da shi. Da aka ajiye zuciyar Denise a ramin da tsohuwar ta bari, sai ta zama 'yar mitsitsiya, kamar an sa ƙwarya a cikin masaki. Aka ɗinka, aka saki jini ya shiga, aka ɗumama. Tsokar ta fara rawa ba tsari. Aka ba ta wutar lantarki sau ɗaya, ta ɗan yi shiru, sannan ta kama bugawa. Sau biyu ana ƙoƙarin kashe injin tana kasa ɗaukar nauyin jikin. A karo na uku, wajen ƙarfe 6 na safiyar Lahadi 3 ga Disamba, ta riƙe. Barnard ya ce da harshensa na Afirkans, abin zai yi aiki.

Ko hoto ɗaya ba a ɗauka ba. Hukumar asibitin ma ba ta san ana yi ba, sai bayan an gama Barnard ya buga wa shugaban asibitin waya. Ƙodar Denise kuwa aka kai wani asibiti aka dasa wa wani yaro ɗan shekara 10 daga cikin masu ruwa biyu, abin da ba a cika ambata ba.

Kwana 18

Washkansky ya farfaɗo, ya yi magana, ya ci abinci, kumburin ƙafafunsa ya sace, har ya zauna a baranda ya sha iska. 'Yan jarida suka cika Cape Town, wasu na hawa bishiya, wasu na sa farar rigar likita don su kutsa. Barnard, kyakkyawa mai fara'a da iya magana, ya wayi gari fuskarsa na bangon mujallun duniya.

Matsalar da ta rage ita ce wadda kowa ya sani tun farko. Garkuwar jiki ba ta san taimako ba, duk baƙon nama abokin gaba ne a wurinta. Dole a danne ta da magani, amma in aka danne ta da yawa, ƙwayar cuta mafi rauni sai ta kashe mutum. Makaman da ke hannu a 1967 masu kaifi biyu ne: azatiyofirin, magungunan sitiroyid masu yawa, da haska zuciyar da hasken kobal. Babu kuma wata hanya tabbatacciya ta gane ko jiki ya fara ƙin zuciyar. Lalube ake yi.

Wajen kwana na 12 hoton ƙirji ya nuna inuwa a huhu, zazzaɓi ya biyo baya. Tawagar ta ɗauka alamar ƙin karɓa ce, ta ƙara magungunan danne garkuwa. Ashe namoniya ce. Garin neman gira aka rasa ido: maganin da aka ƙara ya buɗe wa cutar ƙofa ta cinye huhun. Da asubahin 21 ga Disamba Washkansky ya cika. Da aka buɗe gawar, ɗinkin na nan daram, zuciyar Denise kuma lafiyarta ƙalau, ita ce ta ƙarshe da ta daina aiki.

A cikin waɗannan kwanaki Kantrowitz ya yi nasa, ranar 6 ga Disamba, jaririn ya rayu sa'o'i kaɗan. Shumway ya yi nasa ranar 6 ga Janairu 1968, majinyacin ya yi kimanin mako biyu.

Na biyu, da likitan da ya ce a dakata

Ranar 2 ga Janairu 1968 Barnard ya sake. Mai karɓa Philip Blaiberg ne, likitan haƙori mai shekara 58. Mai bayarwa Clive Haupt, matashi ɗan shekara 24 daga masu ruwa biyu, wanda jijiya ta fashe masa a ka yana bakin teku ranar sabuwar shekara. Sharaɗin Schrire na karon farko bai kai ga karo na biyu ba ke nan, zuciyar Haupt kuma ta samu izinin zama a unguwar da mai ita bai isa ya kama haya ba. Mu da harshenmu ya ɗora wa zuciya komai, farar zuciya, baƙar zuciya, mai zuciya, marar zuciya, ba za mu yi mamakin yadda wannan ya rikita masu rarraba mutane bisa launi ba.

Likitan da ke bakin aiki lokacin da aka kawo Haupt shi ne Raymond Hoffenberg, wanda gwamnati ta riga ta ƙaƙaba wa takunkumi saboda adawa da wariya, yana kuma gab da barin asibitin. Aka ce ya tabbatar da mutuwar. Ya duba, ya ga har yanzu akwai sauran alamun motsi a jijiyoyi, ya ce a'a, alhali tawagar dashe na tsaye a bayansa tana jira. Sai washegari, da alamun suka ɓace, ya sa hannu. Hoffenberg ya koma Birtaniya, ya zama shugaban ƙungiyar manyan likitocin ƙasar. Shi ne kuma daga baya ya tona yadda aka ɗauki shahararren hoton Blaiberg yana wanka a teku: ɗaukarsa aka yi aka sa a ruwa, aka ja da baya aka ɗauki hoto, aka dawo aka tsamo shi. Duk da haka Blaiberg ya koma gida, ya rayu wata 19. Wannan ne ya shawo kan duniya cewa abin mai yiwuwa ne.

Shawo kan ya wuce gona da iri. A 1968 kaɗai an yi dashen zuciya kimanin 100 a faɗin duniya, da yawa a asibitocin da ba su taɓa gwadawa ko a kan kare ba. Mafi yawan majinyatan ba su kai wata 3 ba. Tambayar da Barnard ya tsallake kuwa ta dawo da ƙarfinta. A Richmond, a watan Mayun 1968, tawagar Lower ta cire zuciyar wani lebura baƙar fata, Bruce Tucker, ta dasa wa Bature ba tare da an samu danginsa ba, alhali katin shagon ɗan'uwansa na cikin aljihunsa. Dangin suka kai ƙara, lauyansu Douglas Wilder, wanda daga baya ya zama gwamnan Virginia. A 1972 kotu ta wanke likitocin. A Japan, an zargi Juro Wada na Sapporo da kisan kai bayan dashen da ya yi a Agustan 1968. Ba a gurfanar da shi ba, amma ƙasar ba ta sake dashen zuciya ba sai 1999.

A Agustan 1968 ɗin ne wani kwamiti na Jami'ar Harvard ya fitar da sharuɗɗan tabbatar da mutuwar ƙwaƙwalwa, dokokin ƙasashe suka riƙa bi a hankali. Malaman Musulunci ma sai da suka zauna a kai. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta karɓi mutuwar ƙwaƙwalwa a matsayin mutuwa idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar babu dawowa, a 1988 kuma ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci da izininsa ko na magadansa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a 1987, ta yarda a cire inji amma ta ce hukuncin mutuwa sai zuciya ta tsaya. Saɓanin da ya raba ɗakin tiyatar Kantrowitz shi ne dai ya raba malaman.

Zuwa farkon shekarun 1970 kusan kowa ya ajiye wuƙa. Shumway bai ajiye ba. A Stanford, Philip Caves ya ƙirƙiro hanyar zura siririyar waya ta jijiyar wuya a gutsuro ɗan tsokar zuciya a duba a madubin likita, Margaret Billingham ta tsara yadda ake karanta shi. Lalube ya ƙare. Kuskuren da ya kashe Washkansky ya zama abin da ake iya kaucewa. A 1980 suka fara amfani da saikulosforin, maganin da aka samo daga wani naman gwari na ƙasa, wanda ke danne ɓangaren garkuwar da ke kai wa dashe hari ba tare da ya rusa sauran gaba ɗaya ba. Daga nan dashen zuciya ya zama magani na gaske. A yau ana yin dubbai duk shekara, sama da 8 cikin 10 na wuce shekarar farko.

Sai dai a yi wa Barnard adalci. Cikin majinyata 10 na farko da aka yi wa dashe a Groote Schuur, 4 sun haura wata 18. Dorothy Fischer, wadda aka yi wa a 1969, ta rayu fiye da shekara 12. Dirk van Zyl, na 1971, fiye da 23. A zamanin da ba saikulosforin, wannan sakamako ya fi na kusan kowa, kuma naci a bakin gado ne ya kawo shi. Abin da nake riƙe da shi a kansa daban ne: bai ba Shumway da Lower haƙƙinsu yadda ya kamata ba lokacin da duniya ke sauraronsa, shi ya sa likitocin Amurka da yawa ba su yafe masa ba har ya mutu.

Akwai wani suna da ke yawo a intanet game da wannan dare, Hamilton Naki. Baƙar fata ne daga Transkei da ya fara aiki a jami'ar a matsayin mai kula da lambu, aka jawo shi ɗakin gwajin dabbobi, ya zama gwanin tiyatar dabba har yana koyar da likitoci, ba tare da ya yi karatun likita ba. Barnard kansa ya yaba hannunsa. Ya yi ritaya da fanshon da bai taka kara ya karya ba, sai a 2002 aka ba shi lambar girma ta ƙasa, a 2003 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa. Da ya rasu a 2005, wasu manyan jaridu suka rubuta cewa shi ne ya cire zuciyar Denise a ɓoye. Daga baya suka janye, don bai shiga ɗakin tiyatar ba a daren. Dokar wariya ba za ta bari ba. Zaluncin da aka yi masa na gaske ya isa, ba ya buƙatar ƙari.

Bayan haka

Shahara ta ɗauki Barnard ta yi sama da shi. Ya gana da shugaban Amurka Lyndon Johnson da Fafaroma Paul na shida, ya shiga sahun taurarin fim, aurensa na farko ya mutu a 1969, ya yi biyu bayansa duk suka mutu. Gwamnatin wariya ta mai da shi tallar ƙasa. Shi kuma ya riƙa taka rawa biyu: a asibiti ya ƙi raba majinyatansa bisa launi a ɗakin kulawa ta musamman, ya soki wariya a gida, amma a waje sau da yawa yakan kare ƙasarsa. Marius ne ya fito fili ya shiga majalisa a jam'iyyar adawa.

Bai daina aiki ba. Ya ci gaba da gyaran zukatan yara, wanda ya ce shi ne aikin da ya fi so, yara na zuwa masa daga ƙasashe da dama. A 1974 ya fara dasa sabuwar zuciya a gefen tsohuwar ba tare da an cire ta ba, don in baƙuwar ta gaza ta gida ta ɗan riƙe. A 1983 amosanin ya ci ƙarfin yatsunsa, ya yi ritaya yana da shekara 61. A 1986 ya sa sunansa a tallar wani man shafawa mai tsada, Glycel, da aka ce yana hana tsufa; hukumar magunguna ta Amurka ta taka wa ikirarin birki, mutuncinsa a wurin abokan sana'a ya ƙara zubewa. Bai samu kyautar Nobel ba.

Ranar 2 ga Satumba 2001 yana hutu shi kaɗai a Paphos, a tsibirin Cyprus, ya faɗi a bakin wurin wanka na otal. Yana da shekara 78. Rahotannin farko suka ce bugun zuciya ne, jaridu kuma suka yi ta kanun labarai da hakan. Binciken gawa ya nuna asma ce ta shaƙe shi. Aka ƙona gawar, aka kai tokar Beaufort West, aka binne a lambun gidan mishan ɗin da ya tashi a ciki.